Marigayi Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa: Mawallafin Shaihu Umar Da Yadda Aka Karɓi Fim Ɗinsa

Ranar 15 ga watan Janairu na shekarar 1977 aka buɗe babban bikin nuna al'adun baƙar fata na duniya karo na biyu, watau FESTAC, a birnin Ikko. Wannan rana ta zo daidai da cikar shekara 11 da juyin mulkin soja na farko, wanda a cikinsa aka kashe Firayim Ministan Nijeriya, Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa. A cikin abubuwan da Nijeriya ta gabatar wa baƙinta a wancan biki akwai wani dogon fim na Hausa mai suna Shaihu Umar, wanda aka ɗauko daga ɗan littafin da marigayin ya rubuta tun yana saurayi, yana koyarwa a Bauci. Watau dai ƙasar da ta yi rashinsa a kan kujerar mulki ta komo ta same shi a fagen adabi, ta ɗauki aikin alƙalaminsa ta nuna wa duniya.

Yawancin jama'a sun san Abubakar da siyasa da daɗin murya, kuma hotonsa yana kan takardar naira biyar. Amma ma'aikata da ɗalibai da yawa ba su tsaya sun auna dangantakar da ke tsakanin halin mutumin da halin littafinsa ba. Wanda ya bi tarihinsa a tsanake zai ga cewa gardamar da ake yi a kan Shaihu Umar, a takarda da kuma a majigi, ita ce kusan gardamar da ake yi a kan mulkin mawallafinsa, watau ina haƙuri yake tsayawa, ina kuma sakaci yake farawa.

Haihuwa Da Neman Ilmi

An haifi Abubakar cikin watan Disamba na shekarar 1912 a garin Tafawa Ɓalewa, cikin ƙasar Bauci. Sunan mahaifinsa Yakubu Ɗan Zala, wanda ya yi aiki a ƙarƙashin hakimin Lere, mahaifiyarsa kuwa Fatima, wadda aka fi sani da Inna. Shi ba ɗan sarauta ba ne, kuma wannan ya bambanta shi da yawancin waɗanda suka riƙe ragamar Arewa a zamaninsa. Bayan karatun allo ya shiga makarantar elementare ta garinsu, sa'an nan ya wuce makarantar lardi a Bauci a shekarar 1925.

A shekarar 1928 aka zaɓe shi zuwa Kwalejin Katsina, wadda a lokacin ita ce ƙololuwar ilmin zamani a Arewa. A can ya tarar da Ahmadu Raɓa, wanda daga baya ya zama Sardaunan Sakkwato kuma Firimiyan Jihar Arewa, yana gaba da shi. Malaman kwalejin sun matsa ƙwarai a kan iya furta Turanci da tsabtar lafazi, Abubakar kuwa ya yi zarra a wannan fanni, har ya zamana muryarsa ce ta jawo masa laƙabin mai muryar zinariya bayan shekaru masu yawa. Ya gama a shekarar 1933, ya koma gida ya kama aikin koyarwa a makarantar Midil ta Bauci.

Gasar Shekarar 1933

A shekarar da ya fara aiki, wani Bature mai suna Dokta Rupert East, shugaban Hukumar Fassara da ke Zariya, ya zagaya manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko, domin 'yan makaranta su sami abin karantawa. Aikin ya zo wa mutane baƙo, gama a wancan zamani malami ya saba da rubuta wa'azi da fiƙihu da tarihi, tatsuniya kuwa ana ganin ta mata da yara ce. Duk da haka aka sami waɗanda suka amsa kira, aka fitar da littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Malam Bello Kagara, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East, da kuma Shaihu Umar na wannan matashin malami na Bauci, wanda a lokacin bai wuce shekara 21 da haihuwa ba.

Ruwan Bagaja cike yake da raha da ban dariya, Ganɗoki kuwa da kirari da yaƙe-yaƙe har da aljannu. Shaihu Umar ya bi wata hanya dabam. Babu aljani a cikinsa, babu abin dariya, sai rayuwar mutane kamar yadda take a ƙarshen ƙarni na 19, sa'ad da hare-haren kamen bayi suke raba uwa da ɗa, ayarin fatake kuma suke ratsa hamada daga Kano zuwa Tarabulus.

Labarin yana farawa ne a garin Rauta kusa da Bauci, inda almajirai suka tambayi malaminsu, Shaihu Umar, asalinsa, shi kuwa ya zauna ya ba su tarihinsa. An haife shi a Kagara, mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ta auri wani bafade mai suna Makau. Abokan fadanci suka ƙulla wa Makau sharri bayan wani hari, sarki ya kore shi daga gari. Kafin iyalin su sake haɗuwa aka sace yaron, ya yi ta faɗawa daga hannu zuwa hannu har ya iso Kano a matsayin bawa, inda wani Balarabe mai suna Abdulkarim ya ɗauke shi kamar ɗansa, ya tafi da shi ƙasar Masar, ya sa shi karatu har ya zama babban malami. Ita kuwa uwar ta bazama neman ɗanta, aka yaudare ta aka bautar da ita, aka bi da ita ta Murzuk har Tarabulus, ta sha ɗauri da wulaƙanci. Sa'ad da Allah ya haɗa su bayan shekaru, ƙarfinta ya riga ya ƙare, ta rasu jim kaɗan da ganinsa. A kan hanyar komowa guguwar rairayi ta halaka ayarin, har da Abdulkarim, Umar ya tsira ya iso ƙasarsu ya zauna yana koyarwa.

Ya kamata mai karatu ya tuna da zamanin da aka yi wannan rubutu. Dokar Turawa ta 1901 ta hana cinikin bayi, ta kuma 'yanta 'ya'yan da aka haifa bayanta, amma ba a soke bauta ɗungum a Arewa ba sai a shekarar 1936. Ashe ke nan littafin ya fito ne tun akwai sauran bayi a gidaje da rumada, kuma tsofaffin da suka ga hari da idonsu suna nan da rai a kowane gari. Abin da Abubakar ya rubuta abu ne da masu karatunsa na farko suka ji daga bakin kakanninsu.

Daga Aji Zuwa Majalisa

Abubakar ya ci gaba da koyarwa har ya zama shugaban makarantar Midil ta Bauci. A nan ya zauna tare da Malam Aminu Kano, wanda shi ma ya koyar a makarantar, da Malam Sa'adu Zungur, suka riƙa halartar taron muhawara na Bauci inda ake tattauna al'amuran mulkin En'e. Su biyun masu zafi ne, shi kuwa mai sanyi, kuma wannan bambanci ya bi su har ƙarshen rayuwarsu. A shekarar 1945 ya tafi Ingila ya yi shekara guda a sashen koyon aikin malanta na Jami'ar London. Da ya komo aka ba shi aikin duba makarantu, sa'an nan ya shiga Majalisar Jihar Arewa a 1946, da Majalisar Dokoki ta Ikko a 1947.

Kada a ɗauka sanyin nasa tsoro ne. Cikin watan Agusta na 1950 ya miƙe a majalisa a Kaduna ya kawo shawarar a binciki tsarin mulkin En'e a gyara shi, domin talaka ya sami bakin magana a cikin sha'anin ƙasarsa. Ɗan talaka ne ya faɗi haka a gaban manya, a lokacin da irin wannan magana take iya raba mutum da aikinsa. Shawarar ta sami karɓuwa, kuma tana cikin abubuwan da suka jawo gyare-gyaren da aka yi wa En'e a shekarun da suka biyo baya.

Yana cikin shugabannin Jam'iyyar Mutanen Arewa, NPC, wadda ta zama jam'iyyar siyasa a 1951. A 1952 ya zama Ministan Ayyuka, daga baya Ministan Sufuri, a 1957 kuma aka naɗa shi Firayim Ministan Tarayya na farko. Bayan zaɓen Disamba 1959 ya kafa gwamnatin haɗin gwiwa da jam'iyyar NCNC. Sarauniyar Ingila ta ba shi lambar girma ta Sa a farkon 1960, ranar 1 ga Oktoba na wannan shekara kuma ya karɓi takardun mulkin kai a filin sukuwa na Ikko, filin da yanzu ake kira da sunansa. Ranar 7 ga watan ya yi jawabi a Majalisar Ɗinkin Duniya sa'ad da Nijeriya ta zama ƙasa ta 99 a cikinta.

A harkokin waje ya nuna yana iya tsayawa kai da fata. A farkon 1961 gwamnatinsa ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa saboda gwajin bam na nukiliya da ta yi a hamadar Sahara, hamadar nan da ya ratsa da alƙalami a littafinsa. A wannan shekara yana cikin shugabannin da suka matsa wa Afirka ta Kudu lamba a kan wariyar launin fata har ta fice daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. A 1963 kuma yana cikin waɗanda suka kafa Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka a Addis Ababa.

A cikin gida ne al'amura suka yi masa nauyi. Rikicin Jihar Yamma ya kai ga dokar ta-ɓaci a 1962, ƙidayar jama'a ta 1962 da 1963 ta jawo zargi tsakanin jihohi, zaɓen tarayya na Disamba 1964 ya kusa raba shi da Shugaban Ƙasa Dokta Nnamdi Azikiwe, zaɓen Jihar Yamma na Oktoba 1965 kuma ya haifar da ƙone-ƙone da kashe-kashe. Masoyansa suna ganin haƙurinsa ne ya riƙe ƙasar ba ta wargaje ba har tsawon waɗannan shekaru. Masu sukarsa kuwa suna ganin ya yi jinkiri a inda ya kamata ya yi hanzari, musamman a watannin ƙarshe na 1965. Ya karɓi baƙuncin taron shugabannin ƙasashe renon Ingila a kan matsalar Rodeshiya a Ikko cikin Janairu 1966, kwana kaɗan bayan haka, a daren 15 ga watan, sojoji suka ɗauke shi daga gidansa. Bayan kusan mako guda aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Ikko zuwa Abeokuta, aka kai shi Bauci aka yi masa sutura. Ya rasu yana da shekara 53, bai bar wata dukiyar a zo a gani ba.

Daga Takarda Zuwa Majigi

Littafin bai bi mai shi kabari ba. An sake buga shi a 1955, a 1967 kuma Mervyn Hiskett, wani masanin Hausa ɗan Ingila, ya fassara shi da Turanci. Daga nan Malam Umaru Ladan, tare da Dexter Lyndersay, wani masanin wasan kwaikwayo ɗan ƙasar Tirinidad da ya yi aiki a Nijeriya, suka mai da labarin wasan dandali, aka buga shi a 1975. A kan wannan harsashi ne Alhaji Adamu Halilu ya gina fim ɗinsa a 1976, da kuɗin Gwamnatin Tarayya.

Adamu Halilu, wanda aka haifa a 1936 ya kuma rasu a 2001, ya goge a aikin finafinan wayar da kan jama'a na gwamnati, irin waɗanda motocin majigi suke yawo da su gari gari ana kafa farin ƙyalle a ƙofar fada. Shaihu Umar ya fi waɗancan nesa ba kusa ba. Fim ne mai launi, da harshen Hausa, tsawonsa ya haura awa biyu, kuma yana cikin dogayen finafinan Hausa na farko da aka taɓa yi. Umaru Ladan da kansa ya fito a matsayin Shaihu. An bi tsarin littafin, watau malami yana zaune cikin almajiransa yana ba da labari, hoto kuma yana komawa baya yana nuna abin da ya faru, da dawaki da raƙuma da fada da kasuwar bayi.

Yadda Aka Karɓe Shi

A wurin FESTAC fim ɗin ya yi aikin da aka yi shi dominsa, gama ya nuna wa baƙi cewa Nijeriya tana iya ɗaukar tarihinta da harshenta ta sa a majigi. Amma bayan an watse daga biki sai aka ga inda gizo yake saƙa. Gidajen sinima na Arewa, irin su Palace da Orion da Plaza a Kano, suna hannun 'yan kasuwa masu shigo da finafinan Indiya da na Sin da na Amurka, waɗanda suke samunsu da araha, suke kuma cika musu kujeru kowane dare. Samarin da suke zuwa sinima sun saba da waƙa da rawa da faɗa da soyayya mai ƙarewa da aure. Shaihu Umar kuwa fim ne mai tafiya a hankali, mai ƙarewa da mutuwar uwa. Su kuma dattawa da matan aure, waɗanda labarin zai fi ratsa zukatansu, al'ada ba ta yarda su taka gidan sinima ba. Saboda haka fim ɗin bai sami yawo cikin jama'a yadda ya cancanta ba, har ya zamana waɗanda suka ji labarinsa sun fi waɗanda suka gan shi yawa ƙwarai.

Masu nazarin finafinan Hausa suna lissafa shi tare da Kanta na Kebbi, wanda Adamu Halilu ya yi a 1978, cikin finafinan da hukuma ta ɗauki nauyinsu domin adana tarihi da al'ada, waɗanda suka sami yabon masana amma ba su kafa kasuwa ba. Kasuwar ta zo ne daga baya ta hanyar kaset na bidiyo, tun daga Turmin Danya da aka yi a Kano a 1990, domin shi kaset yana shiga har cikin ɗakin matan aure, inda majigi bai taɓa shiga ba.

A wajen masana adabi kuwa, babbar gardama a kan labarin ita ce matsayinsa game da bauta. Wasu suna ganin Abubakar ya yi sassauci, domin bai fito fili ya la'anci cinikin bayi ba, ya kuma nuna Abdulkarim, wanda yake cikin wannan fatauci, a matsayin mutumin kirki da ya reni maraya ya ba shi ilmi. A ganinsu labarin yana koya wa wanda aka zalunta ya rungumi ƙaddara ya yi shiru. Wasu kuwa suna cewa hukuncin yana nan a cikin labarin uwar, wadda ta fita gida tana 'ya ta mutu tana baiwa a ƙasar da ba ta san kowa ba, alhali ba ta yi laifin kome ba sai son ɗanta. A ganin waɗannan, mawallafin ya ajiye abin a gaban mai karatu ne ya bar shi ya yanke hukunci da kansa, kuma wanda ya karanta wahalar matar nan bai bukatar a gaya masa bauta mugun abu ce. Fim ɗin ya ƙara wa wannan ra'ayi na biyu ƙarfi, gama abin da alƙalami ya faɗa a taƙaice, ido yana ganinsa a fili: mari a ƙafa, da igiya a wuya, da mutum ana tayinsa kamar dabba.

To, a nan ne littafin da mai shi suka yi kama. Yadda ake tambaya ko haƙurin Shaihu Umar ƙarfin imani ne ko miƙa wuya ga zalunci, haka ake tambaya a kan haƙurin Firayim Minista a 1965. Mutumin da ya rubuta labarin malami mai tawakkali yana da shekara 21, shi ne ya riƙe ƙasa da lallashi da sulhu yana da shekara 50 da 'yan kai. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, kuma ɗalibin da yake son ya yi adalci sai ya saurari duka biyun.

Ɓacewa Da Sake Bayyana

Bayan wasu shekaru fim ɗin ya ɓace daga idon jama'a, har aka ɗauka ya salwanta. Sai a shekarar 2016 aka gano faya-fayansa na asali cikin tsofaffin kayan Hukumar Finafinai ta Nijeriya, bisa ƙoƙarin wasu masu kishin tarihin fim, cikinsu har da Didi Cheeka na Ikko. Cibiyar Arsenal da ke Berlin a ƙasar Jamus ta haɗa kai da hukumar aka gyara shi aka mai da shi na zamani, aka kuma nuna shi a babban bikin finafinai na Berlin cikin Fabrairu 2018, shekara 41 bayan FESTAC. Kamar yadda yaron cikin labarin ya ɓata ya tsallaka hamada kafin ya komo, haka fim ɗin ya yi.

Gidan marigayin ma bai rabu da wannan sana'a ba, domin ɗansa Saddik Ɓalewa ya shirya fim ɗin Hausa mai suna Ƙasarmu Ce a 1991. A Bauci kuwa kabarinsa ya zama wurin tarihi da baƙi suke ziyarta, jami'ar tarayya da ke garin kuma tana ɗauke da sunansa.

Abin da ya rage shi ne fim ɗin ya iso wurin masu shi. An daɗe ana karanta Shaihu Umar a makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai da jami'o'i, amma ɗalibai kaɗan ne suka taɓa ganinsa a hoto. Tun da yake yanzu an gyara shi, ba ya kuma bukatar gidan sinima kafin a nuna shi, ya kamata ma'aikatun ilmi da na al'adu na jihohi su nemi izinin Hukumar Finafinai su kai shi makarantu, tun daga Bauci da Bida da Kano, har Haɗeja da Malam Madori da ƙauyukan fadamar kogin Haɗeja, domin 'ya'yan manoma da masunta su gani da idonsu, su kuma shiga gardamar da masana suka daɗe suna yi. Mutanen Ikko sun gani a 1977, na Berlin sun gani a 2018, saura waɗanda aka rubuta labarin da harshensu.

Allah ya jiƙan Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya gafarta masa kurakuransa, amin.